Abin da Hoton Kwatangwalon Jaririyata Ya Nuna

Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Kawu da yara. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, amin. Mu ma nan lafiya lau, sai kewarki. Jikarki ta yi ɓulɓul, har ta fara dariya.

Maganarta ce ma ta sa na rubuto. Kwanakin baya ina canza mata kunzugu na lura ƙafarta ta hagu ba ta buɗewa kamar ta dama. Babanta ya ce ido na sa mata da yawa, amma hankalina bai kwanta ba, muka kai ta asibiti tare da yayarki, Ummata. Likitar ta shafa mata wani mai sanyi a cinya, ta ɗora na'urar hoto, ta juyo mana da allon. Ni dai toka-toka kawai nake gani, sai da ta nuna da yatsa. Ta ce ramin da kan ƙashin cinya ke zama ya kamata ya yi zurfi kamar kofi, nata kuwa kamar faranti yake, shi ya sa ƙashin ke zamewa baki-baki. An sa mata wata ɗamara mai madauri da ke riƙe ƙafafun a buɗe. Babanta har ya fara kiranta 'yar kwaɗo. An ce tunda an gano da wuri, za ta yi tafiya daidai in Allah ya so.

Sai likitar ta tambaya ko akwai mai ɗingishi tun yarinta a danginmu, don abin yakan bi jini, da shi ake haihuwar yaro. Inna, nan take Umma ta tuna da ɗingishinki. A hanya ta fashe da kuka, ta ce tun ranar da kika suɓuce daga bayanta kuna yara take ganin ita ta nakasa ki, shi ya sa ba ta iya kallonki kina tafiya. Ban ce tabbas ciwon ɗaya ba ne, sai an duba ki. Amma don Allah ki kira ta. Ita nauyinki take ji, ba za ta fara ba.

Ki gaida Kawu, da Yaya Babba da matarsa, da Auta sarkin surutu. Umma na zaune kusa da ni, ta ce kada in faɗa miki ta yi kuka.

Taki har kullum,
'Yarki, Maman jaririya