Sunan da Suka Sa wa Cikina Ya Hana Ni Cin Abinci

Anti Lubabatu, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa wannan magana.

Ni malamar lissafi ce a wata firamare a Bebeji, amma ni 'yar garin Ba'awa ce ta Kiru. Da na haifi ɗana na fari, Zayyad, sai na tafi wankan gida. Inna ta kula da ni kamar za ta mayar da ni ciki: kunun kanwa safe da yamma, gasasshen nama da yaji, tuwo da man shanu. In na ce na ƙoshi sai ta ɓata rai. Ranar da zan koma, matan unguwa suka yi ta yaba mata, wai na yi ɓul-ɓul, ta fita kunyar surukai. Ni ma na ji daɗi.

Da na koma aiki aka ɗauke mu hoto, aka sa a zauren WhatsApp na malamai. Suwaiba, wadda muka yi kwaleji tare, ta rubuta "muffin top" a ƙarƙashin hoton, wani malami ya ƙara da "spare tyre", sauran suka bi da alamar dariya. Ban san ma'anarsu ba. Da na bincika a waya sai ga hotunan tumbi iri-iri, har da wasu sunayen da ban gane ba. Tun ranar ba na shiga ofishin malamai, a aji nake zama ni kaɗai da ƙaton hijabi.

Na sayi bel ɗin matse ciki, ina ɗaure shi har numfashi ya yi mini wuya. Na sayi shayin rage tumbi a wurin wata mai talla a waya. Na daina karin kumallo, da rana ruwa kawai. Cikin yana nan, Anti, nonona ne ya janye. Zayyad ya kama ya saki yana kuka, a wurin awo kuma an ce nauyinsa bai ƙaru ba. Maigidana ya ɗauka zafin gari ne. Na kasa gaya masa ni ce. In na ci abinci na tuna hoton, in na bari yaron ya kwana da yunwa. Na tsani madubi, wani lokaci har Inna nake jin haushi.

Taki,
Mai goyo daga Bebeji

*

Ƙanwata, sannu. Kafin komai, ki kwance bel ɗin nan, ki zubar da shayin, ki zuba abinci ki ci yau. Ba ki san abin da ke cikin shayin ba, kuma abin da mai shayarwa ta sha yana iya kaiwa ga jariri. Ki mayar da Zayyad asibiti a wannan makon, ki faɗa wa ma'aikaciyar gaskiya duka. Ki yawaita sa shi a nono, sau da yawa ruwan kan dawo idan uwa ta ci ta sha.

Bari in fassara miki kalmomin, don su daina yi miki girma. "Muffin" wani ɗan kek ne da ake gasawa a kofin takarda, samansa ya kumburo ya zubo gefe. Da shi suke kwatanta naman da ke tasowa saman siket ko wando mai matsewa. "Spare tyre" safayar taya ce, wato kitsen da ya zagaye kugu. Za ki ga "love handles", naman gefen kugu ke nan, da "pot belly", tumbi mai kama da tukunya. Duk zolaya ce ta bakin titi. Babu sunan cuta ko ɗaya a ciki, kuma ba don mai jego aka ƙirƙire su ba. Cikin da ya ɗauki mutum wata tara ba ya komawa a 'yan makonni.

Wataƙila Suwaiba raha ta nufa, irin ta 'yan makaranta ɗaya. Duk da haka ta yi kuskure, raha da jikin mutum a gaban taro cin fuska ne. Ki same ta ita kaɗai, ki gaya mata abin ya yi miki ciwo, ki nemi ta goge. Yadda ta karɓi maganar zai nuna miki matsayinta.

Inna kuwa ba ta da laifi, da abin da ta sani ta nuna miki ƙauna. Sai dai a haihuwa ta gaba ki lallaɓa ta a rage kanwa, yawanta na wahalar da zuciya.

Ki gaya wa maigidanki. Ɗansa ne, ke ma tasa ce, bai kamata ki ɗauki wannan ke kaɗai ba. In baƙin cikin ya ƙi sakin ki, ki ambata wa likita, hakan na samun masu jego kuma ana magance shi. Maganar rage tumbi ta jira sai yaro ya yi ƙwari: tafiyar ƙafa, rage sukari da maiƙo, a hankali.

Ki koma ofishin malamai ki zauna a kujerarki. Allah ya raya Zayyad, ya ba ki lafiya da kwanciyar hankali.

Anti Lubabatu