Ganuwar Tafkin Kaka

Zuwa ga 'yata Besse,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya zaman birnin Makassar? Mu nan alhamdulillahi, sai dai teku ta hana mu sakat. Ta cinye gonar kwakwa, yanzu ta doshi maƙabarta, kuma kin san kabarin mahaifiyarki ne a gaba. Liman ya ce in abin ya ci gaba, sai an tone ta an mayar da ita kan tudu. Zuciyata ba za ta ɗauka ba.

Bana ma mun dasa itacen bakau, mai tsirowa cikin ruwan gishiri, a bakin ruwa don ya tare mana igiyar teku. Mun ja zare, layi-layi kamar dashen shinkafa, ruwa ya kwashe tas. Ke da kike binciken itacen nan, ki ce wani abu mana.

Mahaifinki,
Ambo Sakka

*

Baba,

Wa alaikumus salam, ina gaisuwa da fatan alheri. Abin da zan faɗa zai yi maka ɗaci. Bakau ba shinkafa ba ne, ba ya kamawa inda ruwa ke dukansa. Mun auna ƙauyuka da dama, mun ga wurinsa shi ne inda aka sare shi tun farko. A garinmu, nan ne tafkin jatan landen da Kaka ya haƙa gaban maƙabarta.

Ka fasa ganuwar tafkin. Ruwa zai riƙa shiga yana fita, ya kawo laka da iri da kansa. Na san gumin Kaka ne, ka yafe mini.

'Yarka,
Besse

*

Besse,

Sallama. Fushi na yi, shi ya sa kika ji ni shiru. Daga baya na ɗauki fartanya na fasa. Maƙwabcinmu Daeng Rala na tsaye yana cewa, "Sakka, mutane na korar teku, kai kana buɗe mata ƙofa? Ka dafa mata kofi mana." Na ce, "In ta zo, gidanka zan turo ta."

Baki ne kawai, 'yata. Har yau laka ce tsirara, kuma ruwa ya ƙara kusantar kabarin. Tsoro nake ji.

Mahaifinki

*

Baba,

Barka da ƙoƙari. Ni ma tsoron nake ji. Bincike ya ce yakan yi, bai ce dole ba. Ka roƙi Liman ya ƙara mana haƙuri, kuma kada kowa ya shiga lakar nan ya tattake tsiro. Allah ya bar mana kai.

Besse

*

'Yata,

Sallama da sa albarka. Shekaru ke nan da na fasa ganuwar nan. Bakau ɗin da kika bari iya gwiwa a zuwanki na ƙarshe, yau ya fi ni tsayi, ban dasa ko ɗaya ba. Iskar yamma ta bana ta rushe gadar da muke ɗaure kwalekwale, amma ruwan da ya ratso cikin itatuwan nan a gajiye ya iso, ya kwanta nesa da mahaifiyarki.

Na gode, Besse. Na gode wa malamanki da ban taɓa gani ba.

Liman ya ce a bar ta inda take. Na kama hannunsa, na nuna masa wurina a gefenta.

Ki zo gida.

Mahaifinki,
Ambo Sakka