Leda Uku Saboda Doguwa

Litinin, 1 ga Satumba

Na raka Doguwa awo. Hoton ciki ya nuna mabiyiya ta sauko ta tare hanya, likita ya ce babu maganar ta haihu da kanta, tiyata za a yi ranar ashirin da biyar ga wata. Ya ce a tanadi jini leda uku kafin ranar, kuma asibitin ba su da irin nata ko ɗigo. O negetif, mai wuyar samu.

Muka kalli juna muka bushe da dariya har likita ya ɗago kai. Mu biyun nan muka kafa ƙungiyar masu ba da jini kyauta, shekara shida ke nan, a kan bencin wannan asibitin. Mu za a ce wa mu nemo jini? Ta ce, "To Sakatariya, ga aiki ya biyo ki har gida." Na ce ta je ta kwanta ta yi minshari, kafin Juma'a sai an rasa inda za a zuba shi. Da ƙyar take kai mini kafaɗa, shi ya sa muke ce mata Doguwa, ga ciki ya yi mata gaba kamar ta haɗiye tukunya.

Laraba, 3 ga Satumba

Na rubuta sanarwa. Shugaban ƙungiya ya ce lallai a sa hoto, wai mutane ba sa tausayin rubutu. Ita da kanta ta zaɓi wanda take dariya, haƙora waje. Na sa a guruf ɗinmu na waya, mu ɗari tara da arba'in, na sa a shafin ƙungiya, lambata a ƙasa. Na ji daɗin kaina, ba ƙarya.

Alhamis, 4 ga Satumba

Wuni guda waya tana rawa a kan teburin kantin maganin da nake aiki, kusa da kwalin auduga. Mai kantin maganin ya harare ni sau biyu, wai aiki na zo ko sauraren waya. "Allah ya ba da lafiya" ya fi ɗari uku. Amin, na gode. Amma ko mutum ɗaya bai rubuta "ga ni nan zuwa" ba.

Kafin azahar sanarwar ta nutse. A kanta akwai barka da safiya mai furanni, tallan takalma, bidiyon akuya a kan babur, da wasu ƙarti biyu da suke zagin juna a kan ƙwallo. Sai da na gaji da jan allo kafin na iske fuskar Doguwa. Na sake turawa, wani ya ce, "Hajiya ai mun gani."

Asabar, 6 ga Satumba

Taron wata. Mutum goma sha ɗaya a ajin da makaranta ke ara mana, kujeru talatin suna kallonmu. Shugaba ya shigo yana ɗaga waya kamar ya ci kofi: an yaɗa sanarwar sau dubu huɗu. Ya ce yawa shi kan sa zare ya ja dutse. Na ce, "Ranka ya daɗe, dutsen dai bai motsa ba." Bai ji daɗi ba, ni ma ban ba shi haƙuri ba.

Na biya ta ɗakin gwaji. Matar lab, mai ɗibar jini a wurin, ta ce mutum tara suka zo, babu mai irin jinin. Ɗaya ma hoto ya ɗauka a bakin ƙofa ya juya.

Abin da ba na son rubutawa: ni na kawo maganar buɗe guruf ga kowa, shekara biyu da suka wuce. A da mu arba'in da uku ne, na san rukunin jinin kowa, na san shagon kowa, na san wanda ke tsoron allura. Ni na ce wannan tsohon yayi ne, a yaɗa mahaɗin shiga, kowa ya danna. Ban tambayi ko mutum ɗaya rukunin jininsa ba. Taron tsintsiya ba shara, kuma ni na ɗaure tsintsiyar.

Cikin tsofaffinmu mutum uku ne masu irin nata: Direba, Malamin lissafi da Mai firij. Su zan bi.

Talata, 9 ga Satumba

Na sami Direba a tasha yana canza taya. Da na faɗa masa sai ya dafe kai ya zauna a kan tayar. Mako uku da suka wuce ya ba da jini. Wani ne ya turo wata sanarwa guruf ɗinmu, wai ana neman O negetif cikin gaggawa a wani asibiti can bayan gari. Ya ajiye mota ya ruga. Bayan an gama ɗiba ne nas ta gaya masa mai sanarwar tun bara aka sallame shi. Ba kwanan wata a jikinta, yawo kawai take yi.

Ba za a sake ɗibar nasa ba sai bayan wata uku. Ya ce, "Anti, ki ce musu ban bayar ba mana, ni ƙato ne." Na ce a'a, ba za mu kashe wani don mu raya wani ba. Duk hanya ina tsine wa wanda ya rubuta sanarwa ba kwanan wata.

Alhamis, 11 ga Satumba

Malamin lissafi ya fita daga guruf tun watan Fabrairu. Fabrairu! Ni ce mai kula da guruf, ban lura ba. Lambarsa a kashe. A makarantarsu aka ce an yi masa canjin wurin aiki, wani abokinsa ya ce ya taɓa jin yana ƙorafi surutunmu ya cika masa waya. Babu mai sabuwar lambarsa.

Juma'a, 12 ga Satumba

Mai firij ya danna alamar babban yatsa a ƙarƙashin sanarwar. Alhamdu lillahi, ɗaya ya samu.

Lahadi, 14 ga Satumba

Wata mata da ba 'yar ƙungiya ba ta zo ta bayar jiya, ƙanwar wata nas ce. Da baki aka gaya mata, ba ta ma taɓa ganin shafinmu ba. Leda ɗaya ke nan a firij.

Na je wurin Doguwa. Tana zaune a ƙasa ta jingina da gado, ƙafafu sun kumbura, tana ninke 'yan rigunan jariri tana jerawa a akwati. Mijinta yana waje yana gyara ƙofa. Ta ce, "Nawa aka samu?" Na ce biyu, na ukun yana hanya. Ta kalle ni irin kallon nan nata, ta ce, "Ke dai ba ki iya ƙarya ba tun muna aji uku, hancinki ke buɗewa." Sai ta miƙo mini wata safa ta ce in nemo mata 'yar'uwarta. Ba mu sake maganar ba. Tsoro nake ji, kuma ba ni da wanda zan gaya wa, don ita nake gaya wa komai.

Talata, 16 ga Satumba

Na kira Mai firij sau shida bai ɗauka ba, na tashi na je shagonsa. Na same shi kwance a benci tsakanin matattun firij, ya rame, ido rawaya. Shawara ce, sati biyu yana shan magani. Na ce to yatsan da ka danna fa? Ya ce, "Yatsa? Haba Sakatariya, ai kowa dannawa yake. Wallahi ko karantawa ban yi ba, hotonta na gani."

Kwana huɗu na ɓata ina lissafa yatsa a matsayin alkawari. Wawiya. Saura kwana tara, gobe zan fara bin asibitoci da ƙafa.

Alhamis, 18 ga Satumba

Ba ta jira ashirin da biyar ba.

Ƙarfe goma na safe mijinta ya kira, jini ya ɓalle. Na bar mai sayen magani da hannu a miƙe. An shiga da ita kafin in isa. Ledar nan ɗaya ta ƙare cikin abin da bai kai rabin awa ba. Na tsaya a barandar tiyata ina turawa, GAGGAWA, GAGGAWA, ina yin saƙon murya ina kuka. Ina kallon adadin waɗanda suka gani yana hawa, sittin, ɗari, ɗari biyu. Addu'o'i suna ta shigowa. Direba ya zo ya naɗe hannun riga yana roƙon matar lab, ta auna shi ta ce jininsa bai kai ba. Mutum biyar suka zo, babu irin nata.

Ƙarfe ɗaya da kwata likita ya fito. Jaririya tana raye.

Juma'a, 19 ga Satumba

Ban ci komai ba. Ban iya kallon mijinta ba.

Litinin, 22 ga Satumba

Na rubuta rasuwar a guruf. Sitika mai hawaye ta fi ɗari huɗu, kafin yamma mai takalma ya dawo da tallansa. Shugaba ya kira ya ce a yi mata fosta mai kyau. Na kashe wayar a kunnensa.

Amma kira bai tsaya ba. Sanarwar farko ta fita daga hannunmu, tana can tana yawo a gurufan da ban sani ba, yanzu ne ma ta kama wuta. "Assalamu alaikum, game da matar nan mai ciki." Yau sau goma sha huɗu. Ina ce musu ta rasu, su yi salati, su kashe. Na koma na karanta abin da na rubuta ranar uku ga wata. An ce ana neman jini, an ce asibiti kaza, an ce gaggawa. Babu kwanan wata. Ni da na cika hanya da tsinuwa.

Asabar, 27 ga Satumba

Mijinta ya zo kanti sayen madarar jarirai. Ya tsufa cikin kwana tara. Ya tsaya yana juya gwangwanin, can ya ce, "Yaya, don Allah ki cire hoton nan." Wai jiya wani abokin aikinsa da bai ji labari ba ya turo masa, yana tambaya ko ya san matar. Surukarsa ma ta gani a wayar maƙwabciya, ta faɗi. Ya ce, "Tana ta dariya a wayar mutane, ni kuma ina..." Bai ƙarasa ba.

Na yi masa alkawari yau ɗin nan zan goge na shafi, in rubuta a fili cewa ta rasu, a daina yaɗawa. Bayan nan in ajiye muƙamin. Me ya rage? Ƙungiyar da ta kasa wa mai ita.

Laraba, 1 ga Oktoba

Ban goge ba tukuna. Na kasa buɗe shafin.

Na kai wa matar lab takardun ƙungiya, tunda zan bari. Ta ja ni ta buɗe firij. Cike. Tun da nake shiga ɗakin nan ban taɓa ganinsa haka ba. Mutum ashirin da uku cikin kwana goma, waɗanda ba su kira ni ba, kai tsaye suka zo da hoton Doguwa a waya. Biyu masu irin jininta ne. Na ce kina gaya musu? Ta ce, "Ni aikina ɗiba ne, ba a tambaye ni ba." Ta ce ɗaya daga ledojin biyun an sa wa wata mata da mota ta kaɗe shekaranjiya, yanzu tana zaune tana shan shayi.

Na fito na zauna a bencinmu na yi kuka mai isata. Ban san ko na baƙin ciki ba ne ko na haushi. Ina suke ranar Alhamis ɗin nan?

Lahadi, 5 ga Oktoba

Shugaba ya sa sabuwar sanarwa ranar Alhamis don wani dattijo mai ciwon ƙoda. Da kwanan wata, da komai, yadda na ce a riƙa yi. An yaɗa ta sau goma sha tara. Babu wanda ya zo saboda shi. Daga jinin masu zuwa don Doguwa aka sa masa.

Na je ganin jaririya. Hancin uwar sak. Mijin ya ce, "An cire?" Na ce ina kai, abin ne sai a hankali. Ya ce ya gode, har ya rako ni bakin titi. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Sati uku yau. Takardar ajiye muƙami tana cikin jaka, ta fara yamutsewa. Zan miƙa, ba yau ba dai.

Matar lab ta aiko da safe, an kwantar da wata mai naƙuda, O negetif, ledar da ta rage ba za ta isa ba. Ina karantawa waya ta yi ƙara. Wani mutum ne mai sanyin murya, ya ce tela ne, shagonsa yana bayan asibitin, layi biyu kacal. Yanzu ya ga hoton baiwar Allahn nan mai dariya, kuma irin jininsa ke nan. Shekara goma yana wurin, bai taɓa jin sunan ƙungiyarmu ba. Layi biyu.

Ya ce, "Yaya jikin nata?"

Ba zan ce na yi shawara ba, bakina ne ya buɗe. Na ce da sauƙi, amma ya yi ƙoƙari ya je kafin ƙarfe biyu.

Ya ce in gaishe ta. Na ce za ta ji.