Ku Maido Ni Mayahi, Ban Taɓa Ƙaura Ba

Zuwa ga Mai girma Darakta,
Kamfanin ɗaga sunan masu sana'a a intanet,
Maraɗi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan buro baki ɗaya. Ina gajiya, ina ɗawainiya da mu. Sunana Hamisu, a nan ana ce mini Hamisu Mai Wake. Na san ba lalle ka gane ni da wannan suna ba, tunda a wurinku ni ne «Expert international en développement personnel, basé à Niamey», wato ƙwararren masanin duniya kan gina rayuwar mutum, mazaunin Yamai. To ni ne dai, ranka shi daɗe, kuma daga Mayahi nake rubuto maka, zaune bisa tabarmar ƙofar gidana.

Na kawo maganar bainar jama'a ne don na kira buronku har na gaji. Kullum sai a ce Darakta na cikin taro. Allah shi sa taron ya yi albarka.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata koyarwa ce, amma ba ta lakwal, wato makarantar boko, ba. Ina bin ƙungiyoyin mata da manoma a ƙauyukan Mayahi da Tasawa bisa moto mai ƙafa biyu, ina koya musu kiwon awaki da ajiyar wake a buhu mai leda biyu a ciki, wanda ke toshe wa ƙwaro numfashi ba sai an zuba magani ba. Ba ni da albashi. In wani furoje, wato shirin tallafa wa karkara, ya shigo yankinmu ya ɗauke ni kontira ta ɗan lokaci, in yi aikin, a sallame ni. Da can baki ne ke kai sunana, wata ta faɗa wa wata a kasuwa har ya isa kunnen mai ɗauka. Masu furoje na yanzu kuwa, ko uwarsu ce ta yabe ka, sai sun buga sunanka a salula sun ji ta bakin intanet. In an buga nawa ba abin da ke fitowa. Shi ya kai ni buronku bayan sallar layya, na biya jika arba'in na sefa, na roƙi abu guda: in mai furoje ya nemi mai koyar da ajiyar wake a Mayahi ko Tasawa, ya gan ni. Ka ce in kwantar da hankalina, ka raka ni har bakin ƙofa.

Ga abin da na samu.

Na farko, ina godiya bisa ƙaurar da kuka yi mini. Sai da shafin da kuka buɗe mini a intanet ya fito na ga ashe a Yamai nake zaune, garin da rabona da shi tun ina saurayi, lokacin da na raka kawuna jinya. Sau ɗayan da ka ɗaga kirana ka yi mini bayani cewa ba mai buga Mayahi a injin bincike, duk masu nema Yamai suke bugawa, kuma intanet ba ta tambayar mutum takardar zama. Na yarda kai ne masani. Abin da na kasa ganewa shi ne amfanin a gan ni a inda ba ni.

Na biyu, hoto. Na ba ku nawa cikin taguwa da hula, tsugune gaban buhu, matan ƙauyen Koona kewaye da ni. Kuka cire kaina kuka ɗora bisa wani bawan Allah mai kostim irin na Turawa da karabat ɗaure a wuya, tsaye gaban bene na gilashi. Matata Rabi ta daɗe tana duban salular, sannan ta ce fuskar dai ta gane ta, amma wuyan da kafaɗun ba ta san mai su ba. Ɗan ƙanena ya turo saƙon murya yana taya ni murna, ya ce in da hali in sama masa aikin gadi a burona. Na ce masa ba ni da buro. Har yau yana fushi, wai na samu na fara rowa.

Na uku, kun share kalmar wake da akuya daga shafin, wai ba su da daraja wurin injin. A madadinsu kuka jera yabon mutanen Dakar da Abijan waɗanda na canza wa rayuwa. Allah shi saka musu da alheri, ban san ko ɗayansu ba. Yabon da na taɓa samu a aikin nan daga bakin Inna Tabawa ya fito, shugabar ƙungiyar matan Koona. Shekarar da na koya musu kiwo, awakinsu suka yi kyau, ta dube ni ta ce, «Ɗan nan, ba laifi.» Wanda ya san tsohuwar ya san ba ta yawan faɗin haka. Na ba ku wannan magana ku sa, kuka ce ba ta jan mutane.

Na huɗu, kuma nan ne ƙashin bayan maganar. Gab da kaka wata Madam ta wani furoje ta je Koona da niyyar raba wa mata buhunan ajiyar wake. Ƙa'idarsu ba a raba buhu sai da koyarwa, kuma mai koyarwar dole ya zama mazaunin yankin, mai jin Hausa. Ta tambayi matan wa suke so. Inna Tabawa ta ce a nemo musu Hamisu na Mayahi. Madam ta buga cikakken sunana, sai ga ni a sahun farko, sama da kowa. Ka ga ba na tauye muku haƙƙi, aikinku ya ci. Ta ga Yamai, ta ga karabat, duk da haka ta daure ta kira lambar da ke shafin. Lambar buronku ce, don kun ce babban mutum ba ya ɗaukar waya da kansa. Sakatarenku ya amsa mata da Faransanci mai kyau, ya ce Expert ba ya motsawa sai da mota mai sanyi zuwa da dawowa, da otel, da kuɗin yini irin na manya. Ni da nake kwana a zauren mai gari in ci tuwon da aka ba ni. Madam ta yi godiya ta kashe waya.

Ba ta tsaya nan ba. Ta sake buga neman mai koyar da ajiyar wake a Mayahi da Tasawa, wato ainihin abin da na biya ku dominsa. Ba wanda ya fito, tunda kun kwashe ni daga yankin, kun kwashe waken ma. Ta rubuta wa manyanta cewa babu mai koyarwa a nan, aka ɗage aikin, buhunan suka zauna a magaza, ɗakin ajiyarsu na Tasawa. Da matan suka matsa mata da tambaya, ta nuna musu hoton. Gani ya kori ji.

Duk wannan daga bakin Madam na ji shi. Mun haɗu wurin mai sayar da esansi a kwalba, ina zuba wa motona lita guda. Ta ƙura mini ido, ta duba salularta, ta sake dubana, sannan ta gaishe ni da ladabi ta ce ashe Expert ya zo hutu gida. Ranka shi daɗe, na sha jin kunya a duniya, amma ban taɓa tsayawa bakin hanya ina rantsuwa cewa ni talaka ne don a ɗauke ni aiki ba sai ranar.

Na biyar. Ranar kasuwar Mayahi da ta wuce wani direba ya yi sallama a ƙofar gidana da ƙullin wake tiya biyu. Bai san ni ba. Ya ce matan Koona ne suka ba shi, a ba uwargida ta aika wa maigidanta Yamai. Ni na karɓa da hannuna. Ya ce akwai saƙon baki daga Inna Tabawa, ya faɗe shi yadda ta faɗa: «Mun ji Allah ya ɗaga ka, mun yi murna. Ka tafi ba sallama, mun yafe. Ba mu kira ka ba don kada ka ce don ka samu ne muke nemanka. Ga wake ka ci a birni, ka yi haƙuri, ƙwaro ya fara huda shi.»

Na kwance ƙullin, gaskiya ta faɗa. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba kuɗin kontirar da na rasa ne ya fi yi mini ciwo ba, ko da yake da shi na yi niyyar fita rani. Waken nan shi ne abin da matan ke riƙewa har ya yi tsada, su sayar su yi wa ƴaƴansu sutura da magani. In ya ci gaba da hujewa, dole su zubar da shi a kasuwa a kowane farashi. Kuma a cikin wannan hali suka auni tiya biyu suka aiko wa mutumin da suke zaton ya guje su.

Koona zan je da ƙafata in wanke kaina, wannan ba sai da ku ba. Shafin ne ba ni da iko da shi, don mabuɗinsa na hannunku. Madam ta ce buhunan na nan, kuma in manyanta suka buga sunana suka ga Mayahi, za ta iya roƙonsu a yi koyarwar a Koona da ƙauyen Attantane tun waken da ya rage na da sauran amfani. In suka ga Yamai, ba ta da bakin magana.

Don haka ina roƙonka, ranka shi daɗe, ku maido ni Mayahi. Ku mayar wa mai kostim kayansa, ku sa hotona na taguwa. Ku rubuta wake da akuya da manyan baƙaƙe, da Hausa da Faransanci. Ku sallami mutanen Dakar da Abijan, ku cire lambarku ku sa tawa, ni zan iya ɗaukar wayata. Sannan ku ba ni mabuɗin shafin. In duk wannan ya yi muku nauyi, ku goge shafin ɗungurungum, bakin matan kasuwa ya ci gaba da kai sunana. Ban nemi a maido mini ko dala ba. Gaggawa kawai nake nema, don ƙwaron ba ya jiran a tashi daga taro.

Allah shi ƙara wa kamfaninku kasuwa, shi ba ka lafiya da nisan kwana, shi raya maka zuri'a. Allah shi ɗaukaka ka, amma shi bar ka inda mutanenka za su iya samunka.

Wassalam.

Naka,
Hamisu Mai Wake,
mazaunin Mayahi.