Dogon da Ke Ƙetare Kogi

Daga Ikko, zuwa ga Yaya Garuba a Minna.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya iyali? Yaya ƙafar Gwaggo? A gaishe mini da Altine da yara. Ni lafiya lau nake. Aikin gadi ba wuya, barci ne dai bai cika zuwa ba, wannan kuwa ba sabon abu ba ne. In an sami mai tahowa, a aiko mini da daddawa.

Ka ce motar majigi za ta kawo hoton yaƙin Bama, Gwaggo kuma ta nace sai an kai ta, ko za ta ga ɗanta Barau. Na kalli hoton a nan, ba wani abin kirki ba ne. Turawa ne tsaf-tsaf, ba matsattsaku, ba zawo, wanda aka harba ma a hankali yake kwanciya. Hoton kaboyi na Amurka ya fi shi, ko dawaki ka kalla. Da aka fara harba igwa na ɗan fita shan iska.

Mu baƙaƙen soja sai can ƙarshe aka nuna mu, ana ƙetare kogi da kaya a ka, kowa ya ba da baya. Akwai wani dogo mai karkatacciyar kafaɗa. Ba Barau ba ne. Da hannuna na binne Barau tun ba mu kai kogin ba.

Duk da haka ku kai ta, ku zaunar da ita a gaba. In ta nuna dogon nan ta ce ɗanta ne, kada kowa ya yi mata gardama.

Ƙaninka,
Maiwada