Ƙaryar da Na Yi wa Likitar Badaru

Zuwa ga Gwaggo Barira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gida a Indabawa. Allah ya ƙara miki nisan kwana, ya sassauta ciwon gwiwar nan. Mu nan Fatakwal lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya.

Gwaggo, na rubuto ne don bakina ba zai iya faɗar wannan a waya ba. Maganar ƙanena Badaru ce. Shekara biyu ke nan yana tangaɗi in yana tafiya, kafaɗarsa tana fizga, harshensa yana sarƙewa. Ranar da wuƙa ta kuɓuce masa a mayankar Trans-Amadi, mahauta suka fara raɗe-raɗin ya soma shan giya. Ni da ya kamata in tsaya masa, ni na fi kowa yarda. Na tare shi a ƙofar masallaci bayan la'asar, na shinshina bakinsa a gaban jama'a. Ban ji warin komai ba, amma kin san ni da taurin kai, sai da na je na sa Sarkin Fawa ya hana shi yanka.

Da jiki ya yi tsanani muka kai shi asibiti. Likita ta ce ciwon ƙwaƙwalwa ne da ake gada, ba ya warkewa, sai dai kulawa. Ta tambaye ni ko wani ya taɓa yin irinsa a zuriyarmu. Nan take na tuna Baba a ɗakin baya, lokacin da aka ce mana iska ce aka hana baƙi shiga. Amma na dubi idonta na ce babu. 'Yata Ilham na tuna, domin a makon ne dangin mai nemanta suka tura a binciki asalinmu a Kano. Wallahi har yau in na tuna, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yanzu an samo wani gida da ke kula da masu irin wannan larura, gwamnati tana ɗaukar wani ɓangare na nauyin. Badaru yana buƙatarsa, don ko kunu ya sha sai ya shaƙe, matarsa Rabi kuma ba ta iya ɗaga shi in ya faɗi. Sai dai ma'aikaciyar da ke duba takardu ta ce kafin a karɓe shi sai an tabbatar ciwon na gado ne, ga shi kuwa amsata tana rubuce a fayil ɗinsa. Ta ce shaidar wani babba a dangi za ta wadatar, kuma za a riƙe masa gadon jinya zuwa ƙarshen wata kawai. Ke kaɗai kika rage cikin waɗanda suka yi jinyar Baba. Ina roƙonki ki sa a rubuta abin da kika gani, mai unguwa ya sa hannu, a aiko da takardar a motar da ke zuwa nan.

Jiya na je na durƙusa gaban Badaru na nemi gafara. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito. Ya ce tun farko ya gane ciwon Baba ne, ya yi shiru ne saboda Ilham, don gara a kira shi mashayi da a ce gidanmu akwai mugun gado. Ya ce kada in rubuto miki, a bar gadon ya wuce. Gwaggo, na ci zarafinsa a gaban mutane ya haƙura, yau kuma ga ni ina saɓa masa. Ki taimake ni a wannan saɓawar.

Ki gaida Kawu Abdulhafiz da Inna Hadijatu da yara duka. Allah ya rufa mana asiri ta hanyar da ta fi wadda na zaɓa.

Ɗanki mai neman afuwa,
Falalu