Birkin Gaba da Kuka Sassauta a Kafanchan

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin da ke kawo babura a cikin akwati, ana haɗa su a shagon dilansa da ke Kafanchan.

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Sunana Ishaya, malamin firamare ne ni a wani ƙauye ta wajen Manchok. Ban sa sunan kamfaninku a nan ba. Kun san kanku, kuma ba tozarci ya kawo ni ba. Sau biyu na rubuto maka ta hannun dilanku, ban ji komai ba. Ko sun iso ko suna cikin aljihun tebur, oho. Shi ya sa na ba masu jarida wannan, domin mako uku suka rage mini.

Bari in faɗi abin da ke gabana tun da wuri, kada in ɓata maka lokaci. Matata Hannatu ta rasu a bayana, a kan sabon mashin ɗinku. 'Yan'uwanta sun ɗauke 'ya'yanmu mata biyu, Rifkatu da Alheri, ranar da aka tashi zaman makoki, saboda sun gaskata cewa a buge nake tuƙi. Dattawan ikilisiya sun sa ranar zama tsakanin gidajen biyu, Asabar ta bayan sujadar godiyar kaka. Idan na je da shaida cewa birki ne ya ƙi, yaran za su dawo gida. Idan na je da bakina kawai, a Samaru Kataf za su girma, wurin kawunnansu. Shaidar kuwa a hannunka take.

Na ɗaya, ƙafata. Tun ina saurayi maciji ya sare ni a gonar citta, idon sawuna na dama ya sandare. Ina tafiya, ina noma, amma ba na iya danna abu da ƙarfi da wannan ƙafa. Duk mai hawa mashin ya san birkin baya a ƙarƙashin ƙafar dama yake, saboda haka ni da hannu nake tsayawa. Tsohon mashin ɗina, wanda na saya tun kafin a raba Katsina da Kaduna, da birkin gaba na hau shi duk shekarunsa, kuma ko ƙwai ban taɓa fasawa a kansa ba. Ranar da na je sayen sabon, na ɗaga ƙafar wandona na nuna wa dilanku, na nuna wa wanda yake haɗa muku mashin. Dukansu sun gani, sun yi mini sannu.

Na biyu, hannun birkin. Tun a ƙofar shago na matsa shi, na ji ya tafi sako-sako, sai da ya kusa taɓa robar hannu kafin taya ta san ana yi da ita. Na faɗa. Mai haɗawan ya ce sabon abu haka yake, wayar birkin za ta zauna idan mashin ya ɗan sha hanya. Aka miƙo mini takardar garanti, aka ja mini kunne cewa idan sifanar wani makanike na waje ta taɓa mashin ɗin kafin wata uku, ku kun fita.

Bayan mako ɗaya na dawo da shi. Aka ɗiga wa wayar mai, aka ce in je. Bayan mako biyu na sake dawowa, na baro aji ba malami. Wannan karon mai haɗawan ya hau, ya zagaya layin, ya dawo da gudu ya taka birkin ƙafa har ƙasa ta tashi, ya sauka yana murmushi. Ya ce in daina neman ciwo a jikin mai lafiya. Na ce masa ai da ƙafa ya tsaya, ni kuma ba ni da ita. Ya ce to in riƙa tafiya a hankali.

Ba zan ɓoye nawa laifin ba. Ina da sifana a gida. Akwai makanike a Manchok da ya san ƙafata fiye da likita. Ban kai masa ba, saboda takardarku ta ce kada in kai. Ni mutumin takarda ne, shekara da shekaru ina tsaye gaban allo ina gaya wa yara su bi abin da aka rubuta. Na bi. Na riƙa tafiya a hankali, kamar yadda aka ce.

Na uku, ranar. Asabar ce, mun hau kan tudu ɗaurin auren ɗan yayar Hannatu. A gidan buki an kawo ƙwaryar burkutu. Ranka ya daɗe, a wurinmu idan babba ya miƙo maka ƙwarya ba ka ture hannunsa. Kana karɓa da hannu biyu, ka yi godiya, ka miƙa wa na kusa da kai. Haka nake yi tun da aka yi mini baftisma, kuma haka na yi. Mutane sun ga ƙwarya a hannuna, ba wanda ya tsaya ya duba inda ta tafi.

Da rana tsaka muka taso, Hannatu ta rungume kwanon abincin buki da za ta kai wa yara. A gangaren da ke saukowa zuwa babban titi akwai kwana, bayan kwanar akwai kwalbati. Wata motar itace ta mutu daidai nan, ba a zuba ganyen gargaɗi a hanya ba. Ba gudu nake yi ba, amma mutum biyu ne a kan gangara. Na matsa hannun birki, ya tafi har ya haɗu da roba, mashin bai ji ba. Na ɗora ƙafata a kan na baya, na danna iyakar abin da ƙafar za ta iya. Da na ga za mu shige ƙarƙashin motar, sai na karkata zuwa gefe. Kanta ya bugi simintin kwalbatin. An sa ta a bayan wata a-kori-kura, ta cika kafin mu shiga Kafanchan. Ni gwiwar hannuna ce kawai ta goge. Mashin ɗin fitilar gaba ya fasa.

Na huɗu, abin da ya sa ba a yarda da ni ba. Da mutane suka taru a wurin, ledar kamfani tana nan a kan kujerar mashin, ban ma cire ta ba. Kowa ya duba ya ce wannan sabo fil, yaya za a ce birki ya ƙi? Da tsohon ne, da an ce ƙaddara. Sunan kamfaninku ne ya ba da shaida a kaina, domin mutanenmu sun yarda da kayanku.

Sannan ban yi kuka a jana'iza ba. An lura, kuma an sa shi cikin laifina. Har yau ban yi ba. Ina tashi, ina zuwa makaranta, ina kiran sunaye, ina dawowa in dafa abin da na iya. Ba na jin haushin surukaina, ƙanwarsu suka binne. Ba na jin haushin mai haɗa muku mashin. Gaskiya ba na jin komai sosai, kamar hannun da aka kwanta a kai. Abu ɗaya na sani, ɗakin yaran a rufe yake, kuma ba haka ya kamata ya zauna ba.

Na biyar, abin da na gano. Bayan wata guda na tura mashin ɗin da hannu zuwa wurin Baba Audu, makaniken da na ambata. Garantin bai ƙare ba, amma me zan yi da shi kuma? Ya durƙusa a gaban tayar gaba, ya kira ni. Notin da ke jan wayar birki an warware shi har ƙarshen zare. Ya buɗe cikin tayar, takalmin birkin sabo ne, da ƙyar za ka ga inda ya taɓa goga. Ya juya notin 'yan zagaye, ya ce in matsa. Hannun birkin ya tsaya ƙam a rabin hanya. Duka aikin bai kai tsawon lokacin shan ruwa ba.

Baba Audu bai yi mamaki ba. Ya ce duk mashin da ya fito daga shagon nan haka yake zuwa masa, kuma da gangan ne. Manoma da suka taso daga keke, idan sun firgita, birkin hannu suke damƙa. A kan tsakuwa sai tayar gaba ta zame, mutum ya sha ƙasa, washegari ya dawo da mashin da tanki a goge yana cewa an sayar masa da mai aljanu. Don a huta da wannan, sai ana kashe birkin gaba tun wurin haɗawa.

Na je na sami dilanku. Mutumin kirki ne, a Kafanchan aka haife shi, ya zo mini gaisuwa shi da matarsa. Bai musa ba. Ya ce wanda kamfani ya turo ya koya wa yaransa haɗa mashin, shi ya ce a riƙa yin haka ga na ƙauye. Ya ce ya tuna ƙafata, amma bai taɓa haɗa ta da wannan notin a ransa ba. Na roƙe shi ya rubuta. Ya ce ba zai iya sa hannu a kan abin da ya shafi kamfani ba sai da izininka. Na roƙe shi ya zo zaman ya faɗa da baki. Nan ma ya ƙi. Baba Audu zai zo, amma surukaina sun ce abokina ne, zai faɗi abin da nake so.

Na shida. Tun daga ranar na kama wata ɗabi'a. Duk inda na ga sabon mashin irin naku a jingine, a kasuwa ko a ƙofar majami'a, sai na je na matsa hannun birkinsa. Na yi a Manchok, na yi a Gidan Waya inda ɗalibai suke hawa uku-uku. Kusan duka suna tafiya har roba. Ina nuna wa masu su notin. Wasu suna godiya, wasu suna ja da baya suna kallona, an ce malam ya taɓu tun rasuwar matarsa. Wataƙila. Amma duk mai karanta wannan da yake da sabon mashin, ya fita ya matsa nasa.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. Ba na neman diyya, ba na neman wani mashin, kuma ba ni da niyyar kotu. Kada a kori mai haɗawan, abin da aka koya masa ya yi. Ka hana sassauta birkin gaba. Idan mutane ba su iya shi ba, a koya musu a ƙofar shago. Ka sa a kira waɗanda suka saya, a ɗaure musu notin.

Sai babban roƙon. Takarda guda nake so, mai hatimin kamfani da sa hannunka, wadda za ta ce an sassauta birkin gaban mashin ɗin Ishaya a shagonku, ya dawo da shi sau biyu, ba a ɗaure ba. Ba sai kun rubuta ban haƙuri ba. Ta iso hannun dilanku kafin ranar zaman, ni zan je in karɓa.

Allah ya kiyaye hanyoyinka, ya kai ka gida lafiya duk inda ka je, ya raya maka zuriya a gabanka. Ya ba ka zuciyar yin abin da ke daidai.

In za ka rubuta, don Allah ka rubuta da Hausa, da kalmomi masu sauƙi. Dattawa suna jin Turanci, amma ba su kaɗai za su karanta ba. Lahadin da ta wuce na je Samaru Kataf, aka bar ni na ga yaran a tsakar gida. Alheri ta rugo ta hau cinyata. Rifkatu ta gaishe ni a durƙushe, sannan ta matso kusa da fuskata. Da fari na ɗauka rungume ni za ta yi. Shinshina bakina take yi. Shekararta goma sha ɗaya, kuma ta iya karatu.

Wassalam.

Ni ne naka,
Malam Ishaya,
ta wajen Manchok, Jihar Kaduna.